Gangaren da ke Tsakaninmu

Ranar da muka binne matata Zuleide ruwa ya fara fitowa a bangon ɗakinmu. Na dawo daga maƙabarta, na cire takalma, na zauna a bakin gado, sai na ga tabo a bango daidai inda take ɗora kanta. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. Na taɓa, na ji sanyi. Matan unguwa suna falo suna kuka suna cin dafaffen rogon da suka kawo mini, don haka ban faɗa wa kowa ba.

Gidanmu yana tsakiyar wani tudu a unguwar Casa Amarela, bayansa a jingine da gangaren jar ƙasa. A saman gangaren akwai wani gida, a cikinsa akwai Lourival, tsohon saja. Kowa a tudun nan yana da mutumin sama da mutumin ƙasa. Ruwan wankin na sama shi ne ciwon kan na ƙasa, haka abin yake har a sauka titi. Ni da aka zo rabo, sai aka ba ni wanda ya sa aka ɗaure ni.

Na san abin da tabon yake nufi, domin labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya. Kowace shekara nakan fitar da ɗalibai filin makaranta, mu cire gindin gwangwanin madara, mu kafa shi a ƙasa, mu cika shi da ruwa, mu tsaya muna kallo. A yashi ruwan kan ɓace kafin ka gama magana. A laka sai ya zauna kamar baƙon da bai san lokacin tafiya ba. Nakan ce musu ruwan da ke gudu a sama kowa na ganinsa, kuma wucewa zai yi. Wanda ya shige ƙasa ba hayaniya shi ne abin tsoro, don bai tafi ba, wurin zama ya samu. Su rubuta, su ci jarrabawa, su girma, su gina gidaje a kan gangare, saboda nan ne kaɗai ba mai korarsu. Ni ma da na koya musu, nan na gina.

A harshenmu kalma ɗaya ake faɗa wa ruwan da ƙasa ke sha, da danshin da ke cin bango, da mutumin da sojoji ke cusawa cikin jama'a. Masu ƙamus sukan ba kowanne lambarsa, kamar ba su san juna ba. Ni duka ukun sun same ni, kuma duka daga sama suka zo.

Zamanin mulkin soja muna da ajin yamma a bayan coci, muna koya wa ma'aikatan masaƙa karatu. Muna kuma buga 'yan takardu a kan albashi da tsadar wake, abin da a lokacin ya isa a kira mutum maƙiyin ƙasa. Wata rana wani ɗan dako daga tashar jiragen ruwa ya shigo, hula a hannu, ya ce sunansa Nonato, ya gaji da tambayar mutane ina wannan bas ta nufa. Ni na riƙe hannunsa na koya masa zana harufa. In yana rubutu har harshe yake fitarwa. Ban taɓa samun ɗalibi mai saurin ganewa kamarsa ba, na riƙa yawo da shi ina nuna wa mutane. Ya ci abinci a gidan uwata. Ya raka ni zance wurin Zuleide, ya tsaya a waje yana riƙe mini keke. Abin da ban sani ba shi ne ya gama sakandare, kofur ne, sunansa Lourival, kuma in ya bar wurinmu bariki yake wucewa ya buga rahoto da tafireta.

Aka kwashe mu wata Asabar. Na yi shekara biyu a ciki, na fito da kunne ɗaya. Ɗayan yana nan a wurinsa, amma ado ne. Zuleide ba a taɓa ta ba, alhali ita ke juya injin buga takardun. Muka ce sa'a ce. Ta jira ni, muka yi aure, ba mu haihu ba, na sayi littattafai.

Shi kuma ya yi ritaya da igiyar saja, matarsa ta bar shi, kuma da yake ƙasar da ya yi wa hidima ba ta ba shi fili a bakin teku ba, sai ya sayi gidan da ke sama da mu. Ran da na gan shi yana hawa matakalar tudu da katifa a ka, na shiga gida na rufe ƙofa. Tun daga nan ban yi masa magana ba. Na dai shirya masa jawabi a cikin kaina. Ina gyara shi a bas, ina gyara shi a layin asibiti, in cire kalma in sa wadda ta fi ta kaifi. Jawabi ne mai kyau. Har gabatarwa yake da ita.

Kowace damina hukumar agaji takan raba baƙar leda, a shimfiɗa a kan gangare don kada ƙasa ta sha ruwa. Daga Afrilu tudun nan sai ya zama kamar yana zaman makoki. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Sai an haƙa ɗan rami a can sama an binne bakin ledar, a sako ta ƙasa a hankali, sannan a kafe ta da turaku. Saman gangarenmu kuwa bayan kicin ɗin Lourival ne. Don haka kowace shekara Zuleide takan ɗauki ledar da fartanya ta hau, ni kuma in buɗe littafi. In ta dawo da jar ƙasa a gwiwa ba na tambaya. Sau ɗaya dai na ce, "Kin gaisa da gwamnati?"

Ta ce, "Aderbal, gwamnati ta riƙe mini leda. Kai me ka riƙe?"

Bana ta kwanta asibiti tun kafin ruwan farko. Ledar tana naɗe a bayan ƙofa.

Tabon ya riƙa girma. Ya fara kamar tsibiri, ya zama jiha, ya nufi zama nahiya. Fenti ya kumbura ya fara zuba kamar garin rogo. Na janye gado, na kwashe littattafan da ke wannan bangon na jera su a kan tebur, na ci gaba da zama. Dona Creuza mai shagon ƙasan matakala, wadda ba abin da ke faruwa a tudun nan ba da izininta ba, ta leƙo da kwanon miya, ta shaƙi iska, ta ce, "Farfesa, gidan nan warin rijiya yake." A wurinmu Farfesa ake ce wa kowane malamin makaranta. Washegari ta turo mini injiniyar hukuma.

Mace ce doguwa, da takalmin roba da rigar ruwa. Ta ce, "Farfesa, ba ka gane ni ba? Taciana, layin baya, wadda ta ɓarar da ruwan gwangwani."

"Na gane ki. Har yanzu ba ki iya tsayuwa wuri ɗaya ba."

Ta shiga ɗaki, ta ɗora tafin hannu a bango, ta dubi sama, ta dubi ƙasa. "Wannan ba daga rufi ba ne."

"Na sani."

"Daga baya yake shigowa. Ƙasar ta ƙoshi."

"Na sani, 'yata."

"To in ka sani, ina leda?"

Na nuna mata bayan ƙofa.

"A can take tare ruwan?"

Ta ce abu biyu ne. Ko in tattara in koma makaranta, inda aka shimfiɗa wa mutanen gangare katifu, ko kuma a sa ledar yau, a sare ayabar da ke sama, a juyar da bututun wanke-wanken Lourival zuwa kwata. Ta ce ita dai na farkon ta fi so. Mutanenta duk suna unguwar Ibura, inda wani gangare ya zube jiya, ba za ta samu hannu ba sai wani makon.

Na ce ba inda za ni. Na yi rabin rayuwata a makarantar nan a tsaye, ba zan koma in kwanta a cikinta ba. Ban faɗa mata sauran ba, cewa ɗakin nan, duk da warin rijiyar, shi kaɗai ne wurin da har yanzu nake jin ƙanshin man gashin Zuleide.

Ta ce, "To ka hau wurin maƙwabcinka, Seu Lourival."

"Ba ma magana."

"Ba sai kun yi magana ba, Farfesa. Kai riƙe nan, shi ya riƙe can."

Bayan ta tafi na zauna na dubi ledar, na dubi bangon. Sannan na saɓa ta a kafaɗa. Tana da nauyi, kuma ban taɓa sanin haka ba. Na hau matakala ina tsayawa ina hutawa, Dona Creuza tana ƙasa ta riƙe ƙugu tana kallo kamar an buɗe mata talabijin.

Na same shi a bakin ƙofa ba riga, tumbi a gaba, rediyo a cinya. Ya tsufa fiye da yadda nake tsufar da shi a cikin jawabina. Ya rage muryar rediyon, ya ce, "Farfesa."

Na sauke kayan a gabansa. "Leda."

"Na ga leda ce. Ga shi a rubuce a jiki, na iya karatu."

"Na sani. Ni na koya maka."

Ya dube ni, ya tashi ya ɗauko fartanya.

Bayan kicin ɗinsa na ga abin da ya kamata in gani tun da daɗewa. Bututun wanke-wanke yana ɗiga kai tsaye a bakin gangare. Kusa da shi ga gungun ayaba, kore shar, har da nunannu. Na ce, "Bututun nan a juya shi. Ayabar nan kuma a sare. Tana tara ruwa a gindi, saiwarta ba ta riƙe ƙasa."

"Bututu zan juya. Ayaba ba za a sare ba."

"Ba shawara nake ba ka ba, Saja."

"Dona Zuleide ce ta dasa." Yana haƙa yana magana, bai ɗago ba. "Ta ce gidana ya yi kama da bariki."

Shekara da shekaru tana so ta dasa ayaba a bayan gidanmu ina hanawa, da hujjoji, har da zane a takarda. Ashe ta dasa, sama da kaina.

Ya gama ramin, muka sa bakin ledar, ya mayar da ƙasa ya tattake da ƙafa. Ya iya aikin, ban yi mamaki ba, duk abin da aka sa shi yakan iya. Muka fara warware ta. Ga shi a gabana, ga ni, ba kowa. Na ga ba zan sake samun wuri irin wannan ba. Na gyara tsayuwa, na share murya, na fara gabatarwa. Na kai jimla ta biyu ya ce, "Riƙe can, iska za ta ɗauke."

Na riƙe.

Ya ce, "Na san abin da za ka ce, a fuskarka yake tun ran da na zo da katifa. Bari in rage maka aiki. Duk na rubuta ku. Kai, da Fadan cocin, da 'yan masaƙa, har tsohon da ke share aji. Ba afuwa nake nema ba. Aikina ne, kuma na iya shi."

"Ka iya kam. Har harshe kake fitarwa."

"Wannan ba ƙarya ba ne, har yau haka nake rubutu." Ya ja ledar ya daidaita ta. "Suna ɗaya ne ban rubuta ba. Kyaftin ɗinmu ya tambaye ni wa ke juya injin. Ya ce shi yake so, sauran tarkace ne. Na ce kai ne."

Na tuna ɗakin. Na tuna tambayar da suka yi ta maimaitawa a kan injin, da yadda nake murna a raina cewa wawaye ne, sun kama wanda ba shi ba.

Ya ce, "Na duba ku biyun, na ga kai za ka iya ɗauka. Kunnen nan naka, nata ne."

"Wa ya ba ka ikon zaɓa?"

"Gwamnati, Farfesa. Ai ka karanta."

Iska ta kaɗa ledar tana faf-faf a tsakaninmu. Na ce, "Ta sani?"

"Ban faɗa mata ba, ba ta tambaya ba. Amma ledar nan ba ta taɓa aiko wani da ita ba. Sauka ka kafe turakun, hadari na haɗuwa."

Na sauka na kafe turakun. Na kafe su da kyau, a jere, kamar yadda ake zanawa a littafi. Ina bugawa ina jin haushi irin wanda ban taɓa ji ba. Da ƙiyayya ce kawai, na saba da ita, mun tsufa tare. Amma mutumin ya ɓata mini jawabi. Duk safiyar da na farka na ga Zuleide tana dafa kofi, duk faɗan da muka yi a kan gishiri da fanka, duk wannan wani kofur ne ya bar mini shi, da tafireta, bayan ya auna ƙashina. Ban yafe masa ba. Na dai rasa inda zan ajiye shi.

Aka sako ruwa a yammacin, aka wuni ana yi washegari, aka sake wuni. Ledar ta yi aikinta, ruwa yana gangarowa a kanta yana shiga kwata. Amma leda ruwan gobe take tarewa. Na jiya, da na makonnin da na zauna ina kallon taswira a bango, yana ciki, kuma ba wanda zai ce masa fito.

Ranar Lahadi da rana ina zaune a ɗaki na ga ruwan da ke tsattsafowa a gindin bango ya canja launi. Da fari ne tas. Yanzu ja ne, da ƙasa a ciki. Na tashi in rufe ƙofar kicin, ta ƙi rufuwa, ta cije a sama, ƙofar da jiya take rufuwa da yatsa ɗaya. Na leƙa ta taga. Ayabar Zuleide duk ta sunkuyo wajen gidana kamar tana gaishe ni. Wannan darasin na koyar da shi sau ba adadi, a ƙarshen zango, kuma yakan fito a jarrabawa.

Na ɗauki laima na fita. A bakin matakala hanya biyu ce. Ƙasa ta fi kusa, ga shagon Dona Creuza a buɗe. Daga sama kuma ina jin rediyonsa da kunnena mai aiki, ƙungiyar ƙwallo ta Santa Cruz tana wasa, mai sharhi yana ihu kamar an ɗaure shi. In ruwa yana dukan kwano ga rediyo a cinya, ko bindiga aka harba Lourival ba zai ji ba.

Na hau. Ba zan ce na yi tunani mai zurfi ba. Gwiwoyina suna ƙara, ruwa yana gangarowa a kan matakala yana dukan ƙaurina, laimar ta juye na yar da ita. Na kai wajen rabi na tsaya in ja numfashi in kira shi.

Ƙarar ba kamar tsawa ba ce. Kamar tifa ce tana juye yashi, sai dai ta ɗan fi daɗewa. Kicin ɗin Lourival da rabin falonsa suka sauko kan ɗakin kwanana. Rediyon ya yi shiru. Da na duba, ledar tana kwance a kan tarin ƙasar, ba ta yage ba, turakuna suna jikinta a jere.

Maza suka fito da shebur da bokiti, 'yan kwana-kwana suka zo daga baya. Kafin duhu aka ciro shi, a kan kujerarsa. Taciana ta same ni zaune a matakala, ta yafa mini rigar ruwanta, ta ce, "Farfesa, da kana ciki..." Na ce na sani. Ta ce, "Kullum ka sani."

Dona Creuza ta riga ta gama rarraba labarin kafin a kai gawar. A bakinta na zama waliyyi, wanda ya fita cikin ruwa don ya ceci maƙiyinsa, Allah kuma ya biya shi nan take. Na ce mata ba wanda na ceta, kuma in biya ne wannan, an biya ni da ɗaki ɗaya a gidan ƙanwar matata da littattafan da suka zama kunu. Ta ce, "Kai dai Farfesa ba a iya maka." Ta ci gaba da rarrabawa.

A wurin binne shi mutane kaɗan ne, tsofaffin sojoji biyu da 'yan unguwa. Fada ya waiwaya yana neman wanda zai ce wani abu, ya ce ko maƙwabcinsa na kusa. Duk suka dube ni. Ga jawabi a kaina, gyararre, ba kalmar da na manta. Na girgiza kai, aka zuba ƙasa. Jar ƙasa ce, irin wadda ya fito daga cikinta.

Jawabin yana nan, kuma ba shi ne ya tsaya mini a wuya ba. Abin da ya tsaya mini gajere ne. A kan matakala, da na buɗe baki in kira shi, ba Saja ne ya zo mini ba, ba kuma Lourival ba. Sunan da ya zo na ɗan dakon nan ne mai riƙe mini keke, kuma numfashi ya ƙare mini kafin ya fita.

Nonato, fito.